Salansar da Anti Lorna Ta Haɗa

A danginmu in aka ce "gidan Kawu Reino", ba gidan ake nufi ba, filin bayan gidan ake nufi. Can ne motoci ke kwance a cikin ciyawa, wata ba taya, wata ba inji, wata har bishiya ta tsiro ta inda gilashin gaba yake a da. Kawu Reino Kangas yayan mahaifiyata ne. Su biyu kakanmu ya bari, shi da Aili, wato Mama, a wani ɗan gari na arewacin Michigan, inda haƙar tagulla ta mutu tun kafin a haife ni, mutane suka koma saran itace da gyaran abin da ya lalace.

Gishirin da ake watsa wa titi saboda ƙanƙara shi ya ba Kawu sana'a. Motar da ta daɗe a wajenmu, injinta lafiya lau, amma in ka leƙa ƙasanta tsatsa ta gama da ita. Shi kuwa sai ya ja a-kori-kurarsa ya yi kudu, ya janyo motocin da injinsu ya mutu amma jikinsu garau, ya dawo ya sayi ruɓaɓɓun gida, ya haɗa biyu su zama ɗaya. Abin da ya rage ya kwance ya sayar gunduwa-gunduwa. Ba shi da yawan magana sai an zo ciniki. Nan kam bakinsa ba birki.

A wajen ciniki ma ya samu matarsa. Lorna Maki mai walda ce a garejin da ake gyaran manyan motocin ɗaukar katako. Ta zo ganin wata tsohuwar Datsun rawaya da ya kafa wa allon sayarwa a bakin titi. Labarin nan na ji shi daga bakinsu su duka biyun, kuma bai taɓa saɓawa ba.

"Wannan ƙarfe ne zalla, 'yan mata," in ji Kawu, yana bubbuga gefen motar. "Wata tsohuwa ce mai ita, coci kawai take kai ta."

Lorna ta zaro maganaɗisu daga aljihu ta ɗora a inda ya bubbuga. Ya zame ya faɗi cikin ciyawa, don wurin duk cikon fila ne aka shafe da fenti.

"Ƙarfen naka ba ya shiri da maganaɗisu ne?"

"Yau ne dai ba ya jin daɗi."

"To tsohuwar fa? Ta ƙofa take shiga cocin ko ta bango?"

Ta sayi motar duk da haka. Ta riƙa dawowa neman kayan gyara, yau kafireta, gobe birki, har Mama ta ce wa yayanta, in ba aurenta zai yi ba, to ya daina rage mata farashi haka, zai karye. Ba a rufa shekara ba aka yi bikin. Allah bai ba su haihuwa ba. Datsun ɗin da filin tsere suka cike musu Lahadi.

Filin tseren tsohon filin jirgin soja ne da aka daina amfani da shi, siminti shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ƙungiyar masu wasan ke zuwa da sassafe su jera robobi masu tsini launin lemo, irin na masu gyaran titi, su zana hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Mota ɗai-ɗai ke shiga, agogo ake tsere da shi, in ka ture roba a ƙara maka lokaci. Kuma duk wanda ya tuƙa sai ya yi aiki. Rabin yini kana cikin mota, rabin yini kana tsaye a kwanarka da jar tuta, in an ture roba ka ruga ka mayar ka dawo. Dokar kwana ba ta da yawa: ba a zama, ba a ba mota baya, ba a tsayawa a kan hanya in mota na tahowa.

Kawu da Anti Lorna mota ɗaya suke shiga, bi da bi. Lambarsa ashirin da shida, in ita za ta shiga sai a manna ɗaya a gaba, ta zama ɗari da ashirin da shida. Kuma kullum ita ke cinye shi. Amininsa Duane Pelkie, wani mai gyaran famfo da ba ya barin abu ya wuce, shi ke fara tsokana.

"Reino, mota ɗaya ce fa. Taya ɗaya, mai ɗaya. To ina matsalar take?"

"Nauyi. Na fi ta nauyi."

"Tumbin ne ke da nauyi ko tsoron?"

"Ku ƙyale mini shi," Anti Lorna kan ce, tana ɗaure hular kwano. "Shi ke ɗumama mini taya."

Salansar motar ita ta haɗa da hannunta, daga bututun wata tsohuwar tarakta da gutsattsarin da ta tsinta a bayan gida. Ba ta da kyan gani, amma tana da murya. In aka ɗaga ƙafa daga totur za a shiga kwana, sai ta yi tari sau biyu, sannan wani ɗan siririn fito ya biyo baya. Duk filin ba mai irinta. In Anti Lorna na ciki, Kawu ba ya kallo. Yakan tsaya a wurin jiran layi ya sunkuyar da kai ya kasa kunne, daga tarin nan kaɗai ya san kwanar da take, ya san ko ta makara da birki. Tana dawowa, kafin ta cire hula, zai ce, "Kin yi jinkiri a ta can ƙarshe." Ita kuma ta ce, "Jinkirin nawa ya fi saurinka."

Ciwon daji ne ya ɗauke ta, cikin watan Janairu. A wajenmu ƙasa kan daskare ta yi taurin dutse a lokacin, ba a iya haƙa kabari. Aka yi mata addu'a a coci, aka kai akwatin ɗakin dutse na maƙabarta aka kulle, sai ƙanƙara ta narke a watan Mayu a binne. Watannin nan na jira su ne ban taɓa iya mantawa ba. Ba ta gida, ba ta ƙasa. Kawu yakan bi ta titin maƙabarta in zai je kanti, alhali ba hanyarsa ba ce.

Datsun na gareji lulluɓe da tampol. Wani mutum ya zo daga nesa ya ce zai saye ta yadda take. Kawu ya ba shi kofi ya sallame shi. Mama ta bi shi har gareji.

"Yaya, ka sayar masa mana. Tunda ko tampol ɗin ba ka iya ɗagawa."

"In na sayar da ita ɗungurungum, wata rana ina fitowa daga kanti zan gan ta tana tahowa, wani ƙato a ciki. A'a, Aili. Abin da na iya shi zan yi mata."

Abin da ya iya kuwa shi ne kwancewa. Ya hura murhun gareji, ya ɗauko sifana, ya fara daga fitilu. Haka ya cinye sauran sanyin, noti bayan noti. Ya ce mota in aka wargaza ta ba mota ba ce kuma, ƙarafa ne. Sai dai wa zai sayi kayan tsohuwar Datsun da aka gyara don zagaya robobi? Ba kowa sai 'yan ƙungiya. Su ma sun zo ne don tausayi, kowa na ganin taimako yake yi. Wani malamin makaranta ya ɗauki ƙofar direba, don tasa ta ruɓe. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki sitiyari da kujera. Tayoyi suka tafi wani wuri, kafireta wani wuri. Duane ya ɗauki salansa. Gangar jikin da ta rage Kawu ya kai wa 'yan gwangwan aka matse. Ya share garejin tas, sati na zagayowa aka binne Anti Lorna.

Mu da ke gefe, ba wanda ya hango abin da zai biyo baya. Har Mama cewa ta yi ya samu sauƙi.

Tseren farko na shekarar ya faɗo a watan Yuni. Kawu ya lallaɓa wata ƙaramar Honda daga bayan gida ya zo da ita. Ni da Mama muka bi shi da fasti mai nama da dankali a kwando, don kada ya ci abincin rana shi kaɗai. Tun a wurin ajiye motoci na ga ya ja ya tsaya. Wata baƙar mota ce a gabansa da ƙofa rawaya. An ɓare lambar, amma rana ta riga ta koɗe fentin kewaye, inuwar lambobin nan uku na nan raɗau. Ya kauda kai, sai idonsa ya faɗa kan sitiyarin da hannunta ya cinye wa fata ta gefen hagu, a cikin motar wata. Ya juya ya nufi kwanarsa.

Kwanarsa ita ce ta can ƙarshe, kusa da ciyawa, ya shekara da shekaru yana tsaron ta. Wata mota ta wuce ta ture roba. Kawu ya ruga ya ɗauka, kamar yadda ya saba. Yana sunkuye zai mayar, sai daga farkon fili aka ji tari sau biyu, da ɗan fiton nan.

Ni kaina na gane muryar salansar Anti Lorna ce. Mama ta damƙe mini hannu.

Kawu ya miƙe a tsakiyar hanya, robar na hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya kasa kunne. Ana ta ihu, "Reino! Fita! Reino!" Ko gezau. Motar na cin kwana bayan kwana tana tari, shi kuma leɓensa na motsi kamar mai ƙirga su. Masu tsaron kwanar da ke gabansa suka ɗaga jar tuta, Duane da ke tuƙa motar ya danne birki, motar ta juya da gefe tana ƙara, ta tsaya inda da Kawu ya miƙa hannu zai taɓa bonet.

Duane ya fito ya jefar da hular kwano.

"Kai mahaukacin ina ne? So kake in kashe ka? A gaban ƙanwarka?"

Kawu ya dube shi kamar bai san shi ba. Can ya ce, "Ka makara da birki a ta uku. Ita ba ta makara a nan."

Gail Tervo ce mai kula da tsaro a ƙungiyar, tsohuwar direbar motar makaranta, macen da ba a yi mata gardama. Ta ja Kawu bayan motar masu riƙe agogo, amma muryarta ba ta san a ɓoye ba, kowa ya ji.

"Reino, na san ka tun kana da gashi. Lorna ƙawata ce. Amma ka ji ni da kyau. Yau ka tafi gida. In ka ƙara tsayawa a kan hanya mota na tahowa, ko sau ɗaya, ba kai ba filin nan har abada. In aka take mutum a nan, rufe mu za a yi gaba ɗaya."

A hanyar gida Mama ce ta tuƙa. Filin nan shi kaɗai ya rage masa, mun sani, shi ma ya sani. Ba ya zuwa coci sai jana'iza, ba ya shan giya, ba ya farauta. Duk wanda ke kiransa a waya ɗan ƙungiya ne. In aka kore shi, sai dai ya zauna da matattun motocinsa.

"Na ɗauka watsar da ita na yi," ya ce, yana kallon bishiyoyi. "Ashe raba ta na yi wa kowa."

Washegari ya fara zagaye. Gida-gida ya bi, da kaya a bayan a-kori-kura. Bai roƙi kowa ba, musaya ya kawo, kuma kowa abin da ya fi nasa aka ba shi. Malamin makaranta ya samu baƙar ƙofa daidai launin motarsa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗan ja, ta ce kujerar ta zauna mata daidai, tunda tsawonsu ɗaya da marigayiya. Da ta dubi fuskarsa sai ta ɗauko sifana da kanta. Abin da ya karɓo duka ya hau da shi saman gareji ya rufe.

Gidan Duane ya bari ƙarshe. Ya same shi a ƙarƙashin mota, ya riga ya fara kwancewa.

"Na san za ka zo, tsoho. Ga ta nan, buɗe bayan motarka."

"A'a. Wannan kada ka ba ni."

"To in yi yaya da ita? In rataya a falo?"

"Ka san yadda za ka yi. Ni dai kada in ƙara jin ta."

Sauran lokacin zafin ya wuce lafiya. Kawu ya koma kwanarsa. Ba ƙofa rawaya, ba tari. Yana ɗaukar roba ya mayar ya dawo a guje, Gail na kallonsa daga nesa tana gyaɗa kai. Ya riƙe wurinsa, abin da ya nema ya samu. Amma ni na lura da wani abu. Duk motar da ta taso daga farkon fili, sai ya ɗan karkata kai. In ta shiga kwanar farko shiru, sai kafaɗunsa su sauka. Haka mota bayan mota, yini guda. Ya daina tsayawa cin fasti da mu. Ya ce wa Mama filin ya zama kamar gidan da aka kwashe kaya.

Ranar tseren ƙarshe, ganye ya fara ja, ya tare Duane wajen tattara robobi.

"Ina ka ajiye ta?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali. Salansar."

Duane ya sosa ƙeya. Mutanen nan ba sa jefar da kayan mota, kuma ba sa iya ajiye shi ya kwana. A satin da ya cire ta aka yi kasuwar musayar kayan gyara a filin baje koli, ya tafi da ita.

"Na ba mai koriyar Datsun. Ya ba ni wasu birki."

"Wane ne shi?"

"Haba, ka san shi mana! Mai koriyar nan, mai faɗin taya. Yakan zo daga kudu, can bayan babbar gada."

"Sunansa nake tambaya, Duane."

Duane ya ƙwala wa Gail kira, Gail ta tambayi malamin makaranta. Kowa ya san motar. Sun san injin da ke cikinta, sun san shekarar da ya canja giya, wani har ya tuna ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai an ɗaga. Sunan mutumin kuwa, ko garinsu, babu wanda ya taɓa tambaya. Haka suke, da mota suke sanin juna. Daga baya labari ya zo wai ya sayar da koriyar tun kafin kaka, wai kuma wanda ya saya ya kwance ta. Ba koriyar mota, ba mai koriyar mota.

"Kai ka ce in san yadda zan yi," in ji Duane, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ni na ce."

Bai yi fushi da shi ba. Da ƙanƙara ta narke a shekara mai bi, sai ya rataya kwaɗo a ƙofar fili ranar Juma'a ya yi kudu. Irin wannan wasa ana yin sa ko'ina akwai siminti mai faɗi: bayan kantin da ya rufe, gaban filin ƙwallo, harabar masana'antar da ta mutu. Kuma ba ƙungiyar da za ta ƙi mutumin da ya zo ya ce ba zai tuƙa ba, aikin kwana kawai yake so. Sai su ba shi tuta su nuna masa wuri. Yakan tsaya yini guda cikin mutanen da ba su san shi ba, yana karkata kai. Da yamma ya kira Mama.

"Yaya, ka ci abinci?"

"Na ci."

"To?"

"Babu."

Gail ta riƙe masa kwanarsa shekara guda, tana sa wani ya tsaya a madadinsa. Shekara ta biyu ta kira shi ta ce ba za ta iya ci gaba ba, ko ya dawo ko ta bayar. Ya ce ta ba shi wata ɗaya. Watan ya wuce yana Indiana. Aka ba ma'aikaciyar jinya kwanar. Duane ya yi ta kiransa har ya gaji. Cinikin bayan gida ma ya ja baya, don masu neman kayan gyara ranar Asabar suke zuwa, su tarar da kwaɗo.

Bara ya dawo daga wata tafiya ya zarce gidanmu, bai ko tsaya nasa ba. Ya zauna a kicin da hularsa a kai. A Ohio ne, in ji shi, bayan wata masana'antar gilashi da aka rufe. Yana tsaye a kwana, wata ƙaramar farar mota ta taso, aka ɗaga ƙafa, ta yi tari sau biyu da fito. Bai motsa daga inda yake ba, ya ce, ya riƙe tutarsa da hannu biyu har aka tashi hutu. Sannan ya bi motar wurin ajiya. Wata yarinya ce mai ita, ɗalibar jami'a. Ya nemi izini ya kwanta a ƙasa ya leƙa.

Sabuwar salansa ce fil, tana ƙyalli, irin ta kanti. Ko ɗigon walda babu.

"Baba, lafiya?" in ji yarinyar. "Wani abu ya kwance ne?"

"Takan yi tari in kin ɗaga ƙafa?"

"Tari? Ni dai ban taɓa ji ba. Amma ina cikin hula, me zan ji?"

Ya koma kwanarsa ya jira. Yarinyar ta sake shiga har aka tashi, motar ba ta ƙara yi ba.

Mama ta ajiye masa kofi. "To ka ga ba ita ba ce, Yaya. Ka huta haka nan. Ka koma wurin su Gail ka ba su haƙuri, ko tattara robobi ne sa ba ka."

Ya juya kofin a hannunsa. "Waldar ba tata ba ce, na yarda. Amma tarin, Aili, na san abin da na ji."

Tun daga nan ya daina yawon garuruwa. Wuri ɗaya yake zuwa yanzu. 'Yan Ohio sau ɗaya a wata suke haɗuwa, tafiyar kuwa yini guda ce cur a mota, ga shi gwiwarsa ta fara ba shi wahala. Bai taɓa fashi ba. Sun saba da shi, suna kiransa tsohon Michigan, su ma ba su tambayi sunansa ba. Yarinyar ta gama karatu ta koma wani gari da farar motarta. Na ɗauka zai daina, na kira shi na gaya masa haka, a hankali, don kada ya ji zafi.

Ya ce a'a, zai ci gaba. Wataƙila ma ba daga motar yarinyar ya fito ba, in ji shi, don ranar akwai iska, kuma bangon masana'antar yana mayar da ƙara. Zai tsaya a kwanar nan dai ya ƙara saurara.